Idan Ka Haɗu da Maciji Mai Dafi a Wurin Kamun Kifi: Abin Yi Daki-daki

Tambayar maciji ta ƙi ƙarewa a bakin masu karatu. Wani ya ce ya ɗago gura, wato tarkon kifi, ya tarar da shi a naɗe a ciki, ya ƙoshi da kifin da aka kwana ana jira. Wani ya ce yana tsakiyar tafki ya ga abu ya nufo kwalekwalensa yana iyo, saura ƙiris tsoro ya sa su kife. Wani kuma tambayarsa gajeriya ce: in ya sare ni alhali gari da nisa, da me zan fara? Ga amsar a jere, tun daga shirin gida har zuwa gadon asibiti.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu shiga. Maciji ba kai ya zo nema bakin ruwa ba. Abin da ya kawo ka shi ya kawo shi: kifi, kwaɗi, ɓerayen da ke cikin ciyawa, da inuwa mai sanyi. Sara yakan faru ne idan hannu ko ƙafa ya riga ido isa wuri, ko kuma idan mutum ya ce sai ya kashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na saran mutum kusan miliyan 5.4 duk shekara, daga ciki 81,000 zuwa 138,000 na rasuwa, waɗanda ake yanke wa hannu ko ƙafa ko su nakasa kuwa sun kai kusan ninki uku na hakan. Manoma da makiyaya da masunta ne a sahun gaba.

1. Tun a gida: san macizan wurin, san asibitin

Tambayi waɗanda suka daɗe suna su a ruwan da za ka je: wane maciji ake gani, a wane ɓangare, a wane lokaci na shekara. Kowace nahiya da nata. A kudu maso gabashin Amurka akwai wanda suke wa laƙabi da bakin auduga, saboda in ya fusata sai ya wage baki ka ga cikinsa fari fat, kuma kifi yana cikin abincinsa. A kudancin Ostireliya akwai mai zanen damisa da ke bin fadamu yana farautar kwaɗi. A Tafkin Tanganyika da kogunan Kwango akwai gamsheƙar ruwa wadda kusan a ruwa take rayuwa. A yawancin Afirka kuwa kasa da kumurci da gamsheƙa duk sun iya iyo, kububuwa kuma ta fi son busasshen wuri mai duwatsu, don haka a hanyar zuwa ruwa ake karo da ita.

Sannan ka nemi sanin asibiti mafi kusa da ke ajiye maganin dafin maciji. Ba kowane asibiti ne ke da shi ba, kuma wanda yake da shi bara zai iya zama babu bana. Ka kira ka tambaya, ka ajiye lambar a waya, ka ƙiyasta awa nawa za ka yi daga bakin ruwan zuwa can, da wace hanya, a wane abin hawa. Wannan tambayar ta minti biyar ita ce mutane suka fi tsallakewa, sai abu ya faru a yi ta yawo da mara lafiya daga wannan asibiti zuwa wancan.

Gargaɗi: kada ka dogara da zancen nan na cewa mai dafi kansa mai kusurwa uku ne, ƙwayar idonsa kuma a tsaye kamar ta kyanwa. Gamsheƙa da kumurci kansu ba haka yake ba, ƙwayar idonsu zagayayyiya ce, kuma suna kisa. Macizan ruwa marasa dafi kuma sukan baje kai in sun tsorata har su yi kama da masu dafi. In har ka matsa kusa don ka duba ƙwayar ido, ka riga ka shiga inda bai kamata ba. Duk macijin da ba ka sani ba, ɗauke shi a mai dafi.

2. Kaya da abin da za su ci maka

Dogon takalmin roba, wato rambut, da wando mai kauri sakakke wanda zai sauko a kan takalmin. Galibin sara daga gwiwa zuwa ƙasa yake, sai hannu. Takalmin ba ya hana kowane haƙori shiga, amma yana rage abin ƙwarai.

Sanda mai tsawon da ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu. In tana da ƙoshiya ko ƙarfe mai lanƙwasa a bakinta ya fi, don da ita za ka jawo gura, ka ɗaga taru, ka buɗe ciyawa. Tocila mai ƙarfi da batir na ajiya, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi domin hannu biyu za su zama a sake. Almakashi ko wuƙa mai kaifi, doguwar filaya ta cire ƙugiya, safar hannu ta fata, bandeji mai faɗi guda biyu, biro, farasitamol, ruwan sha mai tsabta da ya fi abin da za ka sha, da waya mai caji a cikin leda. Bokiti mai murfi na zuba kifi.

A cikin kayan nan takalmi da tocila ne kawai ke ɗan taɓa aljihu, sauran yawanci akwai su a gida. Ka gwada su da kuɗin magani: kwalba ɗaya ta maganin dafi ta ninka kuɗin takalmin sau da yawa, kuma wani lokaci kwalba ɗaya ba ta isa. Ga kuɗin mota, ga na gado, ga makonnin da za ka yi ba ka je ruwa ba. Ka ajiye ɗan abin mota a jikinka duk ranar da ka fita.

Gargaɗi: kada ka ɓata kuɗi a kan famfon zuƙe dafi da ake tallatawa, ko baƙin dutsen da ake mannawa a ciwo. An gwada, ba sa fitar da dafin da zai yi wani tasiri, lokaci kawai suke ci. Na biyu, in ka shiga kwalekwale a ruwa mai zurfi ka cire rambut ka ajiye kusa. In jirgi ya kife, takalmin da ya cika da ruwa zai hana ka iyo.

3. Daga hanya zuwa gaɓa

Yi tafiya a inda kake ganin ƙafarka. In dole ka ratsa ciyawa, sanda ta riga ka, kana bugun gabanka da gefe, kana taka ƙasa da ƙarfi. Maciji ba shi da kunne a waje, amma yana jin motsin ƙasa, kuma yawancinsu za su sulale kafin ka iso. Ban da kasa. Ita ba ta gudu, kwanciya take ta saje da busassun ganyaye tana jira ka wuce, in ka taka ta kuma saranta ya fi ƙiftawar ido sauri. Saboda ita ne ido ba zai huta ba ko da kana bugun sanda.

In ka zo kan gungumen da ya faɗi a hanya, hau kansa ka leƙa ɗaya gefen kafin ka sauka. Kada ka tsallaka kai tsaye, domin a jikin gungumen suke kwanciya. Haka tudun gara, tarin duwatsu, saiwoyin da ruwa ya zaƙule a gaɓa, da shara da ambaliya ta tara.

Lokaci ma yana da nasa. Da hantsi sukan fito shan rana a kan dutse, kututture ko reshen da ya rusuno kan ruwa. Da rana ta take sai su koma inuwa, wato daidai inda kai ma kake son zama. Magariba zuwa dare lokacin farauta ne. Mafi hatsari shi ne farkon damina da lokacin da ruwa ya cika ya malale ramukansu, sai su hau tudu, bishiya, tsibirin ciyawa, da duk abin da ya ɗago. Ɗan tudun nan da ya rage a tsakiyar ambaliya, wanda ke ba ka sha'awar tsayawa ka jefa birgi, wato tarun jefawa, ba kai kaɗai ka gan shi ba.

Da ka isa, kada ka yi saurin ajiye kaya. Tsaya ka ƙare wa wurin kallo: ƙasa, gefe, sama. Share ɗan fili da sanda, ka rataye jaka a inda za ka gan ta, ka rufe bakinta.

4. Tonon tana da shirya jirgi

Nan ne ake yawan samun sara a yatsa. In za ka ɗaga dutse ko icce don neman tana ko kwaɗon da za ka sa wa ƙugiya, yi da sanda. In dole sai da hannu, kama gefen da ke nesa da kai ka jawo shi wajenka, ta yadda dutsen zai zama garkuwa tsakaninka da abin da ke ƙasa, shi kuma ya sami hanyar gudu ta can.

Kwalekwalen da aka kife a gaɓa ɗaki ne ga maciji: inuwa, danshi, ga ƙarnin kifi da ke jawo ɓera. Buga jikinsa da sanda, ka jira kaɗan, sannan ku juya shi kuna tsaye a ƙarshensa biyu, ba a tsakiya ba. Duba ƙarƙashin wurin zama da lungun gaba da na baya. Tarun da ya kwana a tare a ƙasa, warware shi da sanda a fili kafin ka rungume shi.

Gargaɗi: masu lalube, wato zura hannu cikin ramin gaɓa ko ƙarƙashin saiwa don kamo tarwaɗa, su sani ramin ba na kifi ba ne shi kaɗai. Maciji yana iya sara a cikin ruwa, zancen cewa ba ya buɗe baki a ruwa ƙarya ce. Ni dai shawarata a bar lalube gaba ɗaya. Wanda ya ƙi, aƙalla ya fara zura sanda.

5. Ga shi a gabanka, a tudu

Tsaya cak. Kada ka yi tsalle, kada ka ɗaga sanda. Duba inda kansa yake da inda ya nufa, sannan ka ja da baya a hankali ta hanyar da ka biyo, kana satar kallon bayanka kada ka taka na biyu ko ka faɗa ruwa. Maciji yakan kai sara nisan kusan sulusi zuwa rabin tsawon jikinsa, kumurci kuwa yana feso dafi ya kai mita biyu ko fiye, kuma ido yake nufa. Don haka mita uku ne mafi ƙarancin tazara. In ka ga ya fasa kai ya miƙe, kare idonka da hannu ko hula ka kau da fuska.

Ba shi hanya. Wanda ake cewa ya biyo mutum, sau da yawa raminsa ko ruwan da yake son faɗawa ne ke bayan mutumin. Matsa gefe, za ka ga ya wuce. In ya ƙi tashi, kai ka tashi, ruwa da faɗi.

Gargaɗi: kada ka ce sai ka kashe shi. Kaso mai yawa na sara yana faruwa ne a wajen kisa ko kamu, domin sandar da za ta kai gare shi ta kawo ka inda shi ma zai kai gare ka. In kuma wani ya riga ya kashe, kada a taɓa kan da hannu. Kan macijin da aka sare yana iya cizo ya zuba dafi har bayan awa guda ko fiye. A ɗauke shi da shebur a binne da zurfi, a kori yara.

6. A cikin ruwa da cikin jirgi

Macijin da ya nufo kwalekwale ba faɗa ya zo yi ba. Ya gaji da iyo ne, ya ga abu yana yawo ya ɗauka gungume ne da zai hau ya huta. Bugi ruwa da filafili tsakaninka da shi, ko ka tuƙa ka kauce wa layinsa. In ya iso jikin jirgi, ture shi da bakin filafili, kada ka ɗaga shi sama, don yana iya zamowa ta jikin filafilin ya sauko hannunka.

In kana tsaye ne a ruwa, fita daga hanyarsa ta gefe a natse. Gudu a cikin taɓo faɗuwa yake kawowa.

Kada ka ɗaure jirgi ko ka ratsa ƙarƙashin rassan da suka rufa ruwa ba tare da ka ɗaga kai ba. Macijin da ke shan rana a reshe, in ya firgita sakin kansa yake ya faɗo ruwa, in jirginka ne a ƙasa to cikinsa zai faɗo.

In ya riga ya shigo, babban hatsarin a wannan lokacin kifewa ne, ba dafi ba. Mutum uku su ruga gefe ɗaya, jirgi ya juye, ga shi ba kowa ya iya ruwa ba. Kowa ya zauna inda yake ya ɗage ƙafa, mutum ɗaya ya yi magana. In gaɓa na kusa, a tuƙa a hankali a sauka, a jingina filafili ko reshe daga cikin jirgin zuwa waje ya zame masa tsani, a ja gefe a jira. In gaɓa da nisa, wanda ya fi natsuwa ya zura filafili ƙarƙashin tsakiyar jikinsa ya zame shi waje ta gefen da babu kowa. Ban da sara da adda a cikin jirgi, ka fasa katako ka kuma fusata shi.

Kifin da ka kama ka zuba a bokiti ka rufe. Wanda aka tsire a igiya aka bari yana lilo a ruwa gayyata ce, kuma kafin ka jawo igiyar ka duba abin da ke maƙale da ita.

7. Ya kamu a ƙugiya, taru ko gura

Wannan shi ne matakin da masunci ya bambanta da manomi, don shi da hannunsa yake jawo macijin zuwa jikinsa.

A ƙugiya: da ka ga abin da ke ƙarshen zaren maciji ne, daina ja. Yanke zaren daga inda kake tsaye. Kada ka jawo shi kusa don ka ceci ƙugiya, ƙugiya nawa take? In mamari kake ɗagawa, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, riƙa kallon abin da ke tasowa tun yana cikin ruwa, hannunka kada ya kai ga ƙugiyar da ba ka ga abin da ta kama ba.

A taru ko koma: kada ka shigo da ɓangaren cikin jirgi. Bar shi a ruwa, ka ja zuwa gaɓa, ka shimfiɗa a fili da sanda. Sau da yawa in ya ji ƙasa zai warware kansa. In ya sarƙe sosai, yanke ragar daga nesa da kansa ka sadaukar da wannan yankin. Gyaran taru aikin yini ɗaya ne.

A gura da sauran tarkunan kifi: jawo da ƙoshiyar sanda, ka ɗaga sama da ruwa ka leƙa ta kowane gefe kafin yatsa ya shiga tsakanin saƙar. Kada ka ɗora ta a cinya ko a kafaɗa. In yana ciki, kai ta tudu, kwance bakin da sanda ta gefen da ba ka tsaye, ka ja baya ka ba shi lokaci.

Gargaɗi: macijin da ya daɗe a raga yakan yi laushi kamar ya mutu, wasu kuma da gangan suke kwaikwayon mutuwa, har su juya ciki sama. Kada ka yarda. Wanda ake cirewa daga raga da hannu a kan ya mutu ya sari mutane da dama.

8. Kwanan bakin ruwa

Tocila a kunne duk taku, ko da fitsari za ka zagaya. Tara itacen wuta tun da rana. Kada ka zubar da hanjin kifi kusa da makwanci, shi ke kiran ɓera, ɓera ya kira maciji. Kwanta a kan abin da ya ɗago daga ƙasa, cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. A kudancin Asiya akwai wani maciji mai zobba a jiki da ke saran masu barci a ƙasa, saran ba ya zafi, mutum sai ya farka da ciwon ciki da nauyin ido bai san me ya same shi ba, kuma an ga gidan sauro yana rage wannan ƙwarai. Da safe zazzage takalmi da jaka kafin ka sa hannu.

9. Ya yi sara: mintunan farko

Na ɗaya, matsa daga wurin macijin. In a ruwa ne, a fitar da mutum tudu ko cikin jirgi nan take, kafin jiri ko kasala su kama shi. In macijin ya maƙale bai saki ba, a ɓanɓare shi da sanda.

Na biyu, zaunar da shi ko kwantar da shi, a kwantar masa da hankali. Ba kowane sara ne ke zuba dafi ba, kuma ko ya zuba, yawanci akwai sa'o'in da za a kai asibiti. Gudu da firgici ne ke sa dafin saurin yawo.

Na uku, cire zobe, agogo, awarwaro, takalmi, da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura.

Na huɗu, hana gaɓar motsi. Sa mata sanda ko guntun filafili a ɗaure sama da ƙasa kamar karan ɗori, ɗaurin da yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. In hannu ne a rataye shi da ƙyalle. Motsin tsoka ne ke tura dafi cikin jiki, don haka kada ya tuƙa jirgi, kada ya taka in akwai masu ɗauka.

Na biyar, duba agogo. Rubuta lokacin saran, ka zagaye iyakar kumburin da biro, ka riƙa sake zanawa kana rubuta lokaci. Wannan zanen yana gaya wa likita saurin da dafin ke yi. In ana iya ɗaukar hoton macijin daga nesa a ɗauka, in ya tafi a bar shi. Likita da alamomin jiki yake aiki.

Gargaɗi, kuma nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta macijin: kada a ɗaure sama da ciwon tamau da igiya ko roba. Ɗaurin yana kashe naman da jini ya daina kai wa, ƙafafu da yawa shi ya yanke su ba dafi ba. In wani ya riga ya ɗaure tamau kuma an daɗe, kada a kwance farat ɗaya a hanya, a gaya wa ma'aikatan asibiti su kwance bayan sun shirya. Kada a tsaga, domin dafin su kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagar sai ta zama hanyar da jini zai yi ta zuba. Kada a tsotsa, kada a sa ƙanƙara, wuta, fetur ko lantarki, kada a murza wurin. Kada a ɗura masa jiƙo don ya yi amai, wanda maƙogwaronsa ya fara shanyewa shaƙewa zai yi. Ban da giya. In zafi ya yi yawa a ba shi farasitamol kawai. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna ƙara zubar jini.

Akwai naɗin bandeji mai matsi da aka ɓullo da shi a Ostireliya a 1979, inda ake naɗe gaɓar gaba ɗaya. An yi shi ne don macizan da dafinsu ke shanye jiki ba tare da kumburi ba. A saran kasa ko kumurci, da ke ruɓar da nama, ba a son sa. In ba a koya maka ba, ko ba ka tabbatar da irin macijin ba, tsaya ga karan ɗori.

Wani lokaci mutum yana cikin ruwa zai ji abu ya soke shi bai ga komai ba, a ce ai ƙayar ƙurungu ce. Tana iya yiwuwa. Amma in kumburi yana hawa, ko jini ya ƙi tsayawa, ko jiki ya fara sauyawa, a ɗauke shi a saran maciji. Rashin ganin tabon haƙori biyu ba hujja ba ce.

10. Hanyar asibiti

A tafi yanzu, ba sai an ga yadda ta kaya ba. Filafili biyu da taru ko riguna sun isa a haɗa abin ɗaukarsa zuwa hanya. In babur ne kaɗai, a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya, kada shi ya tuƙa. A kira asibitin tun a hanya. In kai kaɗai ne, ɗaure gaɓar, kira taimako, ka taka a hankali zuwa inda za a same ka.

Mai rakiya ya sa ido a kan waɗannan: fatar ido tana sauka kamar mai gyangyaɗi, gani biyu-biyu, magana tana sarƙewa, miyau yana zuba, numfashi yana wuya. Dafin gamsheƙa da danginta ke nan, kuma shi ne mai gaggawa. Ko jini daga dasashi, hanci, tsohon ciwo, ko fitsari ya koma ja ko baƙi. In yana amai ko ya galabaita, kwantar da shi a gefen hagu, kai ya ɗan sunkuya. In numfashi ya tsaya a hura masa iska baki da baki, kada a daina har a isa. Shanyewar da dafi ke kawowa tana warwarewa, an ceci mutane da dama da numfashin aro kawai.

Gargaɗi: jin sauƙi ba warkewa ba ne. Wanda kububuwa ta sara zai iya yini yana hira, ciwon ɗan kaɗan, alhali jininsa ya daina daskarewa, sai bayan kwana ɗaya ko fiye jini ya ɓalle a ciki. Ba banza aka sa mata gobe-da-nisa ba. Sa'o'in da aka ɓata a wajen mai ba da magani a gida, su ne likita zai nema ya rasa.

11. In maciji ya tofa dafi a ido

Wanke nan take da ruwa mai yawa, a buɗe fatar idon ana kwarara ruwa minti 15 zuwa 20, yana juya ƙwayar idon. Ruwan shanka ya fi, in babu, duk ruwan da ya fi tsabta a kusa ya fi jira. Kada ya murza, kada a ɗiga ruwan ganye ko wani abu. A rufe idon da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti a duba ko ƙwayar ta ƙuje. Dafin da ya sauka a lafiyayyar fata wankewa kawai yake so.

12. A asibiti da bayan sallama

Faɗi lokacin saran, kamannin macijin, da duk abin da aka yi ko aka sha a hanya, kada a ɓoye don kunya. Za su iya ɗibar jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini, za a sa magani ta jijiya, a sake gwaji bayan awa 6 a ga ko ana buƙatar ƙari. In ba a sa maganin nan take ba, ba lallai sakaci ba ne: sai alamar dafi ta bayyana ake sa shi, domin daga jinin doki ko tunkiya ake yin sa, jikin wasu yakan ƙi shi har sai an yi musu allurar adirenalin. Shi ya sa ba a sayen kwalba a yi a gida. Kuma kowane magani da macizan da aka yi shi dominsu, wanda aka haɗa don macizan Indiya ba zai yi aikin da ake so a saran macijin Afirka ba. Yaro da babba adadi ɗaya ake ba su, tunda maciji bai rage wa yaro dafi ba, mai ciki ma ana yi mata.

Ko ba wata alama, a yarda a kwana, awa 24 ake so a sa ido. A karɓi allurar tetanus. Bayan sallama, in zazzaɓi, ƙaiƙayi ko ciwon gaɓoɓi ya taso cikin mako ɗaya zuwa biyu, maganin ne jiki ke mayar wa martani, a koma a faɗa. Haka in fitsari ya ragu, jini ya sake fitowa, ko wurin ya yi baƙi yana wari. Ciwon kuma kada ya taɓa ruwan kogi ko tafki sai ya rufe sarai, ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan suna saurin shiga naman da dafi ya riga ya raunata.